Zuwana Zariya Jin Sha'irai

Wani abokina malamin makaranta ne ya matsa mini in zo Zariya, wai matasa sun shirya zaman karatun waƙoƙi a Samaru, in zo in kashe ƙwarƙwatar idona. Na shiga mota a Unguwa Uku da ke Kano da hantsi. Mun wuce gonakin shinkafar Kura, muka bar Kwanar Ɗangora, a Tashar Yari direba ya tsaya fasinja suka sayi rake, kafin azahar muna Kwangila.

Ni dai a wurina Zariya garin rubutacciyar waƙa ce tun fil azal. A nan Aliyu Namangi ya rayu, makahon da ya tsara Infiraji har ta zama abin rerawar makafi a kasuwanni da tashoshi, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa. A nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, sannan kamfanin ɗab'in littattafai na Arewa, NNPC, a 1966, inda waƙoƙin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu suka shiga hannun 'yan makaranta. Da wannan tunanin na shiga ɗakin taron.

Abin da na tarar daban ne. Yawancinsu 'yan jami'a ne, mata sun fi yawa, kowa waƙarsa na cikin wayarsa. Da Turanci aka fi yi, irin wadda ake faɗa a tsaye ba rerawa, ana ɗaga murya ana sassautawa, hannu na aiki. In ɗango ya yi daɗi ba a tafi, sai a riƙa ƙyasta yatsu. Jigon kuwa ba na wasa ba ne: 'yan bindiga, zaman kashe wando bayan digiri, auren dole, damuwar da ke cin mutum a ɓoye. Sunan da ya fi yawo a bakinsu shi ne na Alhanislam, wato Maryam Bukar Hassan, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa mai fafutukar zaman lafiya a 2025. Duk yarinyar da ta miƙe, ka ga alamar can take hange.

Can wajen la'asar wata ɗaliba ta ce tata da Hausa ce, ƙwar biyu, wato mai ɗango biyu a kowane baiti, a kan ƙauyensu da aka tasa. Ta karanto ta kamar wasiƙa. Wani dattijo da ke gefena, mai farar hula da ta sha jiki, tun farko na lura yana buga yatsa a gwiwa. A baiti na huɗu yatsan ya tsaya cak.

"'Yata, rera mana wannan baitin."

"Baba, ai ban iya rerawa ba."

"To da me kika auna shi?"

Aka yi dariya, ita ma ta rufe fuska da gyale. Sai ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya rera a hankali. Ɗango na biyu ya ƙi zama, gaɓa guda ta yi yawa. Ya sauya kalma ɗaya, ya bar mata amsa-amonta yadda yake, baitin ya miƙe sumul. Ɗakin ya yi tafi, aka manta da ƙyasta yatsu.

Wani saurayi ya ce shi bai ga dalilin ɗaure kai da kari da ƙafiya, wato amsa-amo, ba, zamani ya wuce nan. Ban ga laifinsa a Turanci ba, can gonarsu ce. Amma a Hausa ina bayan dattijon. Gaɓoɓinmu masu nauyi da marasa nauyi su ne jarin sha'iri, kuma kunnen Bahaushe, ko bai taɓa jin sunan karin waƙa irin Mutaƙarab ba, yana gane karyayyen baiti. Yaran nan suna da abin faɗa fiye da yadda na zata. Wanda zai zauna da su ya rera ne babu.

Washegari na zaga shagunan littattafai a Sabon Gari ina neman diwanin wani sabon sha'iri da Hausa. Na tsofaffin dai na gani, su ma don suna cikin manhajar jarrabawa. Wani mai shago ya ce in dai sababbi nake so, in ba shi lambata ya sa a jefa ni zauren marubuta na WhatsApp. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora saƙonnin murya sun cika mini waya, har da tahamisi, wato ƙara ɗango uku a kan baitin wani ya zama biyar.