Yadda na bar baƙin rini na koma lalle da baba

Mai kitsona ce ta fara gani. Ina zaune a gabanta tana tsaga, sai na ji hannunta ya tsaya. Ta ce, "Anti, furfura ta fara leƙowa fa." Ta miƙo min madubi, na ga sili biyar ko shida a gefen goshina na dama, farare tas. Shekarata 39 a lokacin. Raina bai yi daɗi ba, ba zan ɓoye ba, duk da na san gado ne, domin Innarmu ta yi furfura da wuri, yayyena mata ma haka. Mace mai ɗaurin ɗankwali takan ɗauka kanta a rufe yake, amma gashin goshi da na gefen kunne su ne ke fitowa ƙarƙashin ɗauri, kuma a nan ne tawa ta zaɓi ta fara.

Da farko tsigewa nake yi. Inna ta gan ni wata rana ta hana ni, ta ce an hana Musulmi cire furfurarsa. Na daina. Maganar da ake yi cewa idan ka tsige ɗaya goma za su fito ba gaskiya ba ce, kowane rami sili ɗaya yake fitarwa. Sai dai yawan tsiga yana raunata saiwar, kuma goshin da kitso ya riga ya ja ba ya bukatar ƙarin wahala.

Da ta yi yawa sai na shiga kasuwa na sayi rinin da ake sayarwa a ɗan kwali, baƙi, mai araha. Mai shagon ya ce, "Hajiya, minti goma sha biyar ya kama." Ya kuwa kama. Kaina ya fito baƙi wuluk, har ya fi yadda yake ina budurwa baƙi. Ban karanta takardar da ke ciki ba, ban sa safar hannu ba, faratana suka yi sati suna baƙi. Na ci gaba da haka kusan shekara biyu, duk bayan sati biyar ko shida, tunda gashi yana tofowa kamar santimita 1 a wata, sai farin layi ya bayyana a tsagar kitso kamar an ja alli. Ban taɓa jin ko ƙaiƙayi ba, shi ya sa na sakankance cewa jikina ya karɓe shi. Wannan sakankancewar ce ta cuce ni.

Bikin 'yar yayata ya taso. Kamar sati uku kafin nan an yi wani suna a gidanmu, na sa aka zana min baƙin lalle a hannu, irin wanda ake haɗawa da dayis, fulawa har gwiwar hannu. Wajen zanen ya ɗan yi min ƙaiƙayi daga baya, ban kula ba. Ana saura kwana huɗu kamu na rina kaina kamar kullum. A daren farko fatar kaina ta fara zafi. Washegari bayan kunnuwana da ƙeyata suka yi ƙuraje masu ruwa. A rana ta biyu na tashi fatar idanuna ta kumbura, da ƙyar nake buɗe na dama, goshina ya yi suntum. Na shafa man kaɗe, na shafa man zaitun, ba abin da ya canza. Maigidana ya ce ba za mu ƙara kwana ba, asibiti za mu.

Tambayar farko da likitan ya yi min bayan ya duba kaina ita ce, "Hajiya, kin taɓa yin baƙin lalle?" Na nuna masa hannuna, inda zanen ya goge amma shatin fulawar ya taso ja. Ya ce abu ɗaya ne ya ci ni a wuri biyu. Akwai sinadarin da ake rubutawa PPD a jikin kwalin rini, shi ne ke sa baƙin ya kama da sauri ya kuma daɗe. Shi ake zubawa a lalle ya koma baƙi, domin lalle na gaskiya ja yake bayarwa, ba ya yin baƙi. Jiki yana iya shekaru yana haɗuwa da shi lafiya, ran da ya gane shi a matsayin abokin gaba kuwa ya gane ke nan har abada. Zana shi a fata a bar shi ya daɗe, da ƙarfin da masu lalle ke haɗa shi, ita ce hanya mafi sauri ta tsokano wannan gabar. Kuma borin ba ya fitowa nan take, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa mutane da yawa ba sa danganta shi da rinin. Ya ba ni ƙwayoyi da man shafawa, ya gargaɗe ni cewa idan na ji leɓena ko harshena ko maƙogwarona na kumbura, ko numfashi ya yi wuya, in dawo ko tsakar dare ne. Sai da na yi sati biyu kafin fatar ta lafa. Ba da ni aka yi kamu ba, ranar kai amarya ma daga ɗaki na ji guɗa.

Bayan na warke na ɗauko kwalin na karanta, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Gargaɗin yana nan a rubuce: a gwada a fata awa 48 kafin amfani, kada wanda ya taɓa samun matsala da baƙin lalle ya shafa. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ƙayyade cewa kada PPD ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa rinin, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ba ta amince a shafa shi kai tsaye a fata ba. Mu kuwa a kofi ake dama shi da ido, a zana wa amarya tun daga yatsu har kafaɗa, a zana wa ƙananan yara ranar Sallah. A Sudan, inda ake yawan amfani da shi wajen ƙunshi, asibitoci sun daɗe suna karɓar waɗanda suka sha shi, wuya ya kumbura, ƙoda ta tsaya. Tun ranar na kwashe ragowar da ke kan madubina, inda jikokin gidan ke wasa, na zubar.

Wata uku na bar furfurar ta yi yadda take so. A Islamiyyarmu na tambayi Malama hukuncin rini, domin abin ya fara damuna ta wannan fuskar ma. Ta kawo labarin Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, wanda aka kawo wa Manzon Allah (SAW) ranar buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira, kansa da gemunsa sun yi fari fat, aka yi umarni a canza farin amma a nisanci baƙi. Ta tuna mana cewa a Risala, wadda yawancinmu muka karanta, rina gashi da baƙi makaruhi ne ba tare da an haramta ba, kuma babu laifi a rina da lalle da katam, wani tsiro da ke fitowa a Yaman. Ta ce malamai sun yi saɓani a kan baƙin, amma lalle babu mai ja a kansa. Na tambaye ta alwala da wanka, ta ce launin da ya shiga gashi ba ya hana ruwa taɓawa, abin lura shi ne a wanke dusar tas. Na fito da sanyin zuciya, domin abin da jikina ya ƙi, addinina ma bai kwaɗaitar da ni a kansa ba.

Gwajina na farko da lalle bai yi kyau ba. Na kwaɓa kamar na ƙunshin ƙafa, na shafa, na wanke bayan awa biyu. Baƙin gashin bai canza ba, sai ɗan ja da yake yi a rana, furfurar kuwa ta fito ruwan goro mai haske. Dalilin shi ne lalle ba ya rufe gashi kamar fenti, yana manne wa silin ne ya ɗora jansa a kan launin da ya tarar, fari kuma ba shi da abin da zai dusashe jan. Bayan kwana biyu zuwa uku launin ya nuna ya yi duhu kaɗan, kamar yadda ƙunshi ke yi a tafin hannu. Akwai masu son haka, dattawa da yawa da shi suke barin gemunsu, kuma yana yi musu kyau. Ni dai na fi son ya yi kusa da launin kaina.

Wata maƙwabciyata da ta zauna a Saudiyya ce ta ce min, "Yaya, ai sai kin bi shi da baba." Na yi mamaki, domin ni baba a marina na san shi, a rijiyoyin Ƙofar Mata inda ake rina shuɗi da shi tun ɗaruruwan shekaru. Ta ce tsiron ɗaya ne, amma kada in kuskura in ɗebo ruwan marina, wanda aka haɗa da toka aka bari ya ruɓa. Garin ganyen zalla ake nema, kore, yawanci daga Indiya ake kawo shi. Ja a ƙasa, shuɗi a sama, su ne ke haɗuwa su ba da ruwan ƙasa mai duhu. Baba shi kaɗai a kan farin gashi kore-kore yake fitarwa.

A nan ma sai da na yi asara. Na kwaɓa baba da lemon tsami na bar shi ya kwana kamar lalle, da safe ya mutu, bai ba da komai ba. Halinsu ya saɓa. Lalle yana son ɗan tsami da jira, baba ba ya son ko ɗaya. Yanzu ga yadda nake yi. Ranar Juma'a da dare nake tankaɗe lalle kamar gram 100 da rariya mai laushi, in kwaɓa da ruwan ganyen shayi mai ɗumi da ɗan ruwan tsamiya, in rufe ya kwana. Na rage lemon tsami saboda yana busar min da gashi har ya riƙa karyewa. Asabar da safe in tsefe kai, in wanke ba tare da na shafa mai ba, tunda maiƙo yana hana launi kamawa. In zagaye goshi da kunne da basilin, in sa safar hannu, in bi tsaga-tsaga ina cusa lallen a gindin gashi, sannan in ɗaure da leda da tsohon ɗankwali na awa uku zuwa huɗu. Idan na wanke da ruwa zalla, sai in dama baba da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, in jira kamar minti goma har samansa ya fara sheƙin shuɗi, in shafa nan take. Minti talatin zuwa arba'in yana ba ni ruwan ƙasa mai duhu. Wanda ya bar shi awa biyu zai samu kusan baƙi, ni ba na kai shi can. Ba na sa sabulu sai bayan kwana biyu, ran nan kuma da karkashi ko garin magarya nake wankewa, in bi da man kaɗe.

Aikin yini ne, kuma akwai wari kamar na ɗanyen haki, ga ƙazantar banɗaki. Lokacin hunturu sai rana ta ɗaga nake farawa, domin zama da jiƙaƙƙen kai awa huɗu cikin sanyi mura ce. Baba yana saurin kodewa fiye da lalle, wani lokaci bayan sati uku jan ya fara leƙowa a goshi, sai in maimaita baban kaɗai a wajen.

Wajen saye nake fi taka-tsantsan. Akwai fakiti masu hoton ganye da aka rubuta musu baƙin lalle ko lallen gashi, alhali PPD ne a ciki. Garin lalle na gaskiya kore ne, idan an kwaɓa ya koma ruwan ƙasa, kuma ba ya kamawa cikin minti goma. Duk wanda ya yi alkawarin baƙi da gaggawa na san abin da ke cikinsa. Kowane sabon gari sai na gwada shi a gashin da na tara daga mataji, sannan a bayan kunnena, kafin ya hau kaina.

Ƙanwata ma'aikaciya ce, ba ta da yinin da za ta ba lalle, kuma rinin kwali bai taɓa yi mata komai ba. Ban ce ta daina ba. Na dai zaunar da ita na ce ta sayi mai lambar NAFDAC da jerin sinadarai a rubuce, ta gwada a bayan kunne awa 48 kowane karo, ko da irin wanda ta saba ne. A lambar launin da ke jikin kwali, ta bar lamba 1, wato baƙi wuluk, ta ɗauki 3 ko 4, domin a gashinmu suna fitowa kusan baƙi kuma ba sa tona farin layi da wuri. Ta shafa a sabon tofo kawai, ta kiyaye mintunan da aka rubuta, ta bar sati biyu tsakaninsa da man miƙar da gashi, kada ta shafa idan akwai ciwo a kai, kada ya je gira. Na kuma nuna mata cewa kwalin da ya ce babu amoniya bai ce babu PPD ba, sai ta juya bayansa ta duba.

Da auren 'yata ya zo, mai lalle ta iso da kayanta har da ƙullin dayis. Na ce mata ja kawai za a yi. Ta ce, "Mama, baƙin ne ke fito da amarya a hoto." Na naɗe hannun rigata na nuna mata inda shatin fulawar nan ya bar min duhu har yau. Ta mayar da ƙullin cikin jaka, ta ce to sai an ƙara awa biyu kafin jan ya kama yadda ake so, na ce a ƙara.