Takardar da ban karɓi kwafinta ba

Ɗan ƙanwata ne ya tayar mini da wannan magana. Ran Juma'a bayan la'asar ya same ni a shago, nan kusa da babbar kasuwar Maraɗi inda nake sayar da kayan babur, ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, duba mini wannan." Hoton takarda ne, shafi biyu da Faransanci. Wani mutum ya turo masa ta WhatsApp, wai zai kai shi wata ƙungiyar ƙwallo a ƙasar waje. Shekarar yaron 19, tsakiya yake bugawa, kuma wallahi yana da ƙafa. Na karanta daga sama har ƙasa. Babu adadin albashi, babu ranar da kwantiragin zai ƙare, babu wanda zai biya magani idan ya ji rauni. Jikina ya yi sanyi, don na san irin wannan takarda.

A 2009 ina da shekara 22 na bar gida na tafi wata ƙasa maƙwabciyarmu don in buga wa wata ƙungiya ƙwallo. A falon shugaban ƙungiyar na sa hannu, bayan an ci shinkafa da kaza. Takarda ɗaya ce tak, ya ninke ta ya jefa cikin durowa, ni kuma kunya ta hana ni in ce a ba ni tawa. Yaro baƙo, an karrama shi da abinci, ina zai iya buɗe baki? An yi mini alkawarin jika tamanin a wata. Wata uku aka biya daidai, daga nan sai "a ƙara haƙuri, kuɗi suna hanya." Cikin daminar 2011 gwiwata ta hagu ta tafi a wani fili mai santsi. A lokacin ina bin su albashin wata bakwai. Da na dogara sanda na je ofis, sakataren ya dube ni ya ce, "Wace takarda?" A motar haya na dawo Maraɗi, ƙafa miƙe a tsakanin kujeru. Mahaifiyata ta sayar da tumakinta biyu aka yi mini magani. Ban sake buga wasan gasa ba.

Shi ya sa idan ana gardamar manyan 'yan wasan Afirka a fadarmu ta shayi, wannan ya ce Eto'o, wancan ya ce Drogba, ni Geremi Njitap nake kawowa, kuma dalilina ba ya cikin fili.

Ba don ya gaza a fili ba. Ɗan Bafusam ne a Kamaru, an haife shi a 1978. Ya ci Kofin Zakarun Turai sau biyu da Real Madrid, a 2000 da 2002. Ya ci gasar Ingila sau biyu da Chelsea, a 2005 da 2006. Da ƙasarsa ya ɗauki Kofin Afirka a 2000 da 2002, ga zinariyar Olamfik ta Sidni a 2000, kuma ya sa rigar Kamaru sau 118. Har yau ina tuna bugun tazarar da ya zura wa Tunisiya a Kofin Afirka na 2008 a Gana. Muna cunkushe gaban tele ɗaya a unguwar Zariya, ƙwallon ta shiga, wani ya yi tsalle ya kifar da butar shayi.

Mutum mai irin wannan tarihi yana iya zama a ɗakin sanyi yana sharhi a tele har ƙarshen rayuwarsa. Geremi kuwa ya karɓi shugabancin Synafoc, sandikar 'yan ƙwallon Kamaru, a 2016, daga baya ya zama shugaban reshen Afirka na FIFPRO, uwar ƙungiyoyin 'yan wasa ta duniya da aka kafa a 1965. Aikin ba shi da tafi. Rubuta wasiƙa ne, da bin bashin yaron da ba wanda ya san sunansa, da fitowa fili a faɗi cewa ƙungiya kaza ba ta biya 'yan wasanta ba, alhali masu ƙungiyar manyan gari ne. Ya kai shi ga saɓani mai zafi da hukumar ƙwallon ƙasarsa, wadda tsohon abokin wasansa Samuel Eto'o yake shugabanta tun Disamba 2021. Mutum biyu da suka ɗaga kofi tare, yau kowa da kujerarsa, kuma kujerun ba sa kallon gabas ɗaya.

Abin da ya fi kama ni a tarihinsa shi ne farkonsa. Kafin Madrid, yana ɗan saurayi, sai da ya bi ta Faragwai wurin ƙungiyar Cerro Porteño, sannan Turkiyya. Ya san zaman baƙo a garin da ba ka jin harshensu, fasfonka da abincinka suna hannun wani. Lauya zai karanta maka doka fiye da shi, amma lauya bai san kunyar da ke riƙe bakin yaro a falon shugaba ba. Wanda ya ɗaura takalmi ya sani.

Tun dā ma haka abin yake tafiya. A Ingila an ƙayyade wa ɗan wasa fam 20 a mako, ko da filin ya cika maƙil saboda shi, har sai da Jimmy Hill, ɗan wasan Fulham da ke shugabantar sandikar 'yan ƙwallon ƙasar, ya kai su bakin yajin aiki aka soke dokar a 1961. A Gana, tsohon ɗan wasa Anthony Baffoe ne ya tsaya aka kafa tasu. Sai dai ba na cewa duk tsohon ɗan wasa da ya hau kujerar ya zama waliyyi. Gordon Taylor ya riƙe ta Ingila daga 1981 zuwa 2021, shekara 40, ya yi aiki mai yawa, amma albashinsa ya haura fam miliyan biyu a shekara, kuma iyalan tsofaffin 'yan wasa masu ciwon mantuwa sun yi kuka da shi cewa bai tsaya musu yadda ya kamata ba. A ganina kujerar tana buƙatar wa'adi, don mai ita kada ya manta warin ɗakin sauya kaya.

Na daɗe ina zaton abin da ya same ni rashin sa'a ce tawa ni kaɗai. Sai na ga binciken da FIFPRO ta fitar a 2016, inda ta tambayi 'yan wasa kusan 14,000 a ƙasashe 54. Kashi 41 cikin ɗari sun ce an jinkirta musu albashi cikin kaka biyun da suka wuce. Kashi 45 ba sa samun dalar Amurka 1,000 a wata. Ashe mu ne masu yawa.

Matsin lambar ƙungiyoyin nan ya haifar da abin da ni ban samu ba. Tun 2018 dokar FIFA ta ce idan ƙungiya ta riƙe maka albashin wata biyu, ka rubuta mata gargaɗi ka ba ta kwana 15. In ba ta biya ba, kana da damar tsinke kwantiragin ka nemi haƙƙinka. Ɗan wasan da ke buga wa ƙungiyar wata ƙasa yana iya kai ƙara gaban FIFA, kyauta, muddin shekara biyu ba ta wuce ba. Amma duk wannan sai da takarda a hannunka.

Na zaunar da ɗan ƙanwata kan benci na faɗa masa duka, har zancen tumakin kakarsa, wanda bai taɓa ji ba. Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, in na tambaya ya fasa fa?" Na ce to mu gani. Na karɓi wayar na rubuta wa mutumin tambaya huɗu: sunan ƙungiyar, nawa ne a wata, shekara nawa, wa zai biya asibiti. Na ƙara da cewa kwafi biyu za a sa wa hannu, ɗaya ya zauna a Maraɗi wurin uwarsa.

Yau kwana tara. Alamar saƙon ta yi shuɗi tun daren, bai amsa ba. Yaron yana fushi da ni, ko shago bai leƙo ba, amma jiya da yamma na hango shi a fili yana atisaye da sauran.