Jerin waƙoƙin gobe

Gobe ranar tunawa da samun 'yancin kai ce, babu aiki, kuma ni aka ɗora wa nauyin haɗa waƙoƙin da za a saka idan 'yan'uwa sun taru. Na ɗauka aikin rabin awa ne. Sai ga shi har rana ta yi sanyi ina kai.

Da kiɗan badujala na fara, irin na fareti, don a ganina shi ya dace da buɗe taro. Ina haɗa wayar da lasifika, Baba da ke kishingiɗe ya miƙe zaune. "Kashe wannan," in ji shi. Na kashe. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce a zamaninsu in ka kunna rediyo da sassafe ka ji badujala a maimakon labarai, to ka san an kwana da gwamnati an tashi babu ita. Sai a yi jugum-jugum ana jiran muryar wani soja. Ya ce har yau in ya ji wannan kiɗa sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Nan take na goge shi. Ashe ba su kaɗai ba ne: a watan Agustan 1991, lokacin yunƙurin juyin mulki a Tarayyar Sobiyet, rawar Swan Lake talabijin ɗin gwamnati ya yi ta maimaitawa mutane na zaman jira.

Wannan ne ya kai ni ga waƙar Fotugal, Grândola, ta Zeca Afonso, mawaƙin da gwamnatin kama-karya ta daɗe tana takura wa. Da ƙarfe 12:20 na daren 25 ga Afrilu 1974 gidan rediyon Renascença ya saka ta, kuma ita ce alamar da ƙananan hafsoshi ke jira su fito. Kafin gari ya sake wayewa, mulkin shekara 48 ya faɗi. Can ma soja ne, can ma rediyo ne, amma jama'a fitowa suka yi suna cusa furanni a bakin bindigogi, kuma har yau suna rera ta duk shekara. Na saka wa Baba. Ba ganga, ba jita. Takun ƙafafu kawai a kan tsakuwa, sai muryoyin maza a haɗe. Bai ce komai ba, amma bai ce in kashe ba.

Wadda ta fi cin mini lokaci ita ce Indépendance Cha Cha. Mawaƙin Kongo Joseph Kabasele da ƙungiyarsa suka yi ta a Brussels a 1960, lokacin da ake zaman tattauna 'yancin Kongo. Waƙa ce mai sa ƙafa motsi ko ba ka jin yaren. A cikinta ana kiran sunan Lumumba, wanda ya zama firaministan Kongo na farko, da murna. Kongo ta sami 'yanci ranar 30 ga Yuni, shi kuma aka kashe shi ranar 17 ga Janairun 1961, ko wata bakwai ba a cika ba. Na cire ta, na mayar, na sake cirewa. Daga ƙarshe na bar ta. Murnar da suka yi a ranar ta gaskiya ce, kuma ina so yara su tambaye ni waye wannan da ake ambata.

Ƙanwata ta matsa sai na sa wata waƙar kamfe da take so. Na ce mata a'a, gobe akwai kawunnanmu biyu da ba jam'iyyarsu ɗaya ba, kuma ranar ta kowa ce. Ta yi fushi ta fita, can ta dawo da sunayen wasu uku, duk na karɓa.

Waƙa goma sha huɗu suka tsaya, taken ƙasa a farko. Ina sa lasifikar a caji Baba ya leƙo ya ce, "Waccan mai takun ƙafa, a saka ta sau biyu."