Ramin Damo da Sana'ar Dukanci a Damagaram

Ina da ƙaramar rumfar dukanci a unguwar Birni, mu biyar ne muke aiki a ciki, kuma yawancin jakunkuna da alabe da kuben wuƙa da muke ɗinkawa da fatar akuya ne, wadda majema suka jeme da bagaruwa. Fatar damo da ta guza ba ta da yawa a kayanmu, amma ita ce ta tilasta mini sanin yadda dabbobin nan suke rayuwa, domin wanda bai san inda fata take fitowa ba, wata rana zai wayi gari ya rasa ta.

Wani dattijon maharbi da ke kawo mini fatu daga ƙauyukan Mirya ne ya fara nuna mini cewa damo ba yawon banza yake yi ba. Yana da yankinsa, kuma a cikin yankin yana da mafaka fiye da ɗaya: tsohon suri, kogon itace, ramin da wata dabba ta bari, ko ƙarƙashin manyan duwatsun nan da suka kewaye garinmu. Na taɓa tsugunawa tare da shi a bakin wani suri, ya nuna mini shatin jela a kan rairayi tsakanin sawun farata, ya ce, "Malam, duba nan, wannan jiya ya shiga, bai fito ba." Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, damo yana fita kiwo sosai, yana cin gyare da ƙadandoniya da kunama da dodon koɗi, namiji kuma yakan yi nisa fiye da mace wajen neman barbara. Idan rani ya kama sai ya lafe a rami wata da watanni, yana rayuwa da kitsen da ya tara, ba a banza ake ce masa sarkin haƙuri ba. Guza kuwa ba ta rabuwa da ruwa, sai a wurare irin tafkin Gidimuni ake samunta.

Abin da ke damuna shi ne masu farfasa suri da gatari don su ciro damo guda, alhali wannan ramin zai iya ɓoye wasu shekara da shekaru. Inda aka yi haka, maharba da kansu suna cewa sai sun ƙara tafiya mai nisa kafin su ga sawu. Saboda haka na daina sayen fata a ƙarshen damina, lokacin da mata suke ɗauke da ƙwai, kuma ba na karɓar ta ƙananan da ba su kai ba.

Akwai kuma doka. Damo da guza suna cikin jeri na 2 na yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ta tsara cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, don haka fitar da fatarsu waje sai da takardar izini, kuma dokar farauta ta Nijar ta 1998 tana aiki a kanmu. Duk baƙon da ya nemi jakar damo da niyyar tsallaka iyaka da ita, nakan gaya masa wannan kafin mu yi ciniki, sau da yawa kuma sai ya ɗauki ta jar akuya.