Abin da ƙashin tarwaɗa ya koya mini a Jos

Na miƙa kundin digirina na biyu babu babi na 4, kuma wannan babin ne aikin. Farfesan da ke duba ni ya sa aka cire shi.

Duk tarwaɗar da muka samo daga tafkin Pandam ya ce a rubuta mata Clarias gariepinus, wai ita ce a ko'ina. A ido kam haka take: kai mai faɗi, gashin baki, babu ɓawo. To amma akwai 'yar uwarta, Clarias anguillaris, wadda ko masunci ba ya raba su da kallo. Sai ka buɗe mashaƙar kifin, ka ciro ƙashin farko mai lanƙwasa, ka ƙirga tsinkayen da ke jere a jikinsa kamar haƙoran mataji. Na gariepinus kan tashi daga 24 har 110, na anguillaris daga 16 zuwa 50. Yawansu na ƙaruwa da girman kifi, shi ya sa ƙanana ke rikitar da mutum. Dole a haɗa ƙirgen da tsawon jiki. Na zaɓi manya zalla, na ƙirga, na sake ƙirgawa. Wasunsu ba su ko kusanci adadin da ya dace da tsawonsu ba in da gariepinus ne. Abin da babi na 4 ya nuna ke nan.

Na kai wa farfesan teburin lissafin, na ce, "Ranka ya daɗe, ko za ka duba ƙasusuwan da kanka?" Bai taɓa kwalbar ba. Ya ce shekara nawa na yi ina ganin kifi. Mutumin da har yau yake cewa Clarias lazera a aji, tsohon sunan da masanin kifi Guy Teugels ya mayar ƙarƙashin gariepinus tun kafin babban aikinsa na 1986! Har yanzu abin na cina.

Sauran darussan a wurin dattijon da ke kula da ɗakin gwaji na same su. Kada kifi ya daɗe a fomalin, ruwan maganin da ke hana shi ruɓewa, don ƙashi na laushi, rinin alizarin da ake rina ƙashi da shi ya ƙi kamawa. Ramboshi na da tsokar kitse a gadon baya wajen wutsiya, tarwaɗa ba ta da ita, barbarar su biyun kuma 'yar guntuwa take fitowa da ita. In za ka tantance nau'in kurungu, fara da ƙashin kafaɗa da zarton ƙayar gefe.

Mai shigowa bayana, ka ɗauki hoton kowane ƙashi da lambarsa kafin ka shiga ofishin kowa, ka ajiye kwafi a gida. Nawa suna nan, kuma babin zan aika wa wata mujallar kimiyya da sunana ni kaɗai.