Kwana a Lakwaja

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau hazo ya sauka sosai. Da na tsallaka gadar kogin Kaduna da hantsi zan kai mota wurin bakanike a Kakuri, ko ruwan ba na gani. An yi juyen mai, an sake birkin gaba, mai faci ya duba safaya ya ce ta yi. Saura kwana tara mu kama hanyar Ibadan, bikin 'yar ƙanwata a unguwar Sabo.

Da yamma Yaya ya zo, muka baje taswira a kan tabarma, wayata a gefe. Shi so yake mu bi ta Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, mu haye kogin Kwara a Jebba mu faɗa Ilori. A takarda ta fi kusa, ba musu. Na ce masa, "Yaya, da yara huɗu da mahaifiyarsu a mota ba zan shiga dajin nan ba." Bai ja ba. Muka tsaya a kan Abuja, Lakwaja, Okene, Owo, Akure, Ife, sannan Ibadan.

Inda muka daɗe muna ja-in-ja shi ne kwana. Ya ce direbobin haya a rana guda suke yinta. Ni kuwa na riga na ƙudurta za mu kwana a Lakwaja, kuma ba don gajiya kawai ba. Daga nan zuwa Abuja kusan kilomita 200, daga can zuwa Lakwaja kusan haka. Idan muka bari gari ya waye, hazo ya ɗan ɗaga, muka tashi bakwai, za mu tsaya a Madalla yara su ga Dutsen Zuma da idonsu, wanda suka saba gani a bayan naira ɗari. In Allah ya yarda la'asar a Lakwaja za ta same mu, mun haye gadar Murtala tun tireloli ba su cushe ta ba.

Abin da ke raina a garin shi ne maƙabartar sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kai can. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, a Lakwaja ya rasu a 1926. Sarakunan Zazzau biyu ma suna kwance a wurin, Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya sha ba mu labarinsu, yana cewa wata rana zai kai mu ziyara. Bai samu ba. Sau uku ina ratsa garin a motar haya, ko sau ɗaya ban sauka ba, kullum sauri. Ina so babban yarona, mai shekara 14, ya tsaya a kansu mu yi musu addu'a tare. Da na faɗi haka Yaya ya yi shiru, can ya ce, "To a hau Dutsen Patti ma, a ga inda Kwara da Binuwai suka haɗu."

Uwargida ta shigo da kunun gyaɗa ta sa nata sharaɗin: ba tafiyar dare, ko da awa ɗaya. Dutsen Idanre, da na sa a lissafi kusa da Akure, ta ce matakala sama da 600 da ɗan shekara biyar sai dai a dawowa, in ƙarfi ya rage. Na soke shi daga takardar tafiya, na mayar ta dawowa.

Autarmu ta tambaya ko ta ɗauki rigar sanyinta. Na ce ta sa ta da safe, kafin mu kai Okene da kanta za ta tuɓe. Gobe zan kira ƙanwata ta samo mana wanda ya san Lakwaja, don kada mu yi ta lalube a unguwar Kabawa muna neman ƙofar maƙabartar.