Idan ƙararrawa ta yi kuka babu gobara, wa zai biya?

Duk wanda ya taɓa aiki a babban gini ya san yadda abin yake. Wani ya sa burodi a na'urar gasawa ya tafi amsa waya, hayaƙi ya taɓa na'urar da ke manne a rufin ɗaki, ƙararrawa ta ɗauka, mutane suka sauko ta matakala suka yi cirko-cirko a waje, wasu da kofin shayi a hannu. Can sai ga motar 'yan kwana-kwana da jiniya, ma'aikata sanye da kayan aiki masu nauyi suka hau suka duba, suka sauko da labarin ƙonannen burodi. Masu ginin sukan yi dariya su koma aiki. Hukumar kashe gobara kuwa ba ta ganin abin dariya, domin a Ingila kusan kashi biyu cikin biyar na fitar da ma'aikatanta ke yi a shekara na irin wannan kira ne, kuma motar da ta tafi duba burodi ba ta nan a lokacin da wani gida yake ci da wuta.

Shi ya sa hukumomi suka fara sa tara. Dokar da majalisar Birtaniya ta zartar a 2011 ta ba hukumomin kashe gobara na Ingila damar karɓar kuɗi daga gine-ginen da ba na zama ba, idan ƙararrawarsu ta yawaita kiran banza. Landan ta fara aiki da wannan dama a 2014, inda a lokacin take cajin fam 290 daga kira na goma cikin watanni goma sha biyu. A Amurka kuwa birane da yawa kowanne yana da tasa dokar game da ƙararrawar ɓarayi, amma tsarin ya yi kama da juna: mai gida zai yi rajistar na'urarsa, a yafe masa kuskuren farko ko na biyu, daga nan tarar ta riƙa hawa. Dalilinsu a fili yake, tunda fiye da kashi casa'in cikin ɗari na kiran da waɗannan na'urori ke jawo wa 'yan sanda ba ɓarawo ne ya tayar da su ba. Yawanci mai gida ne ya mance lambobin kashewa, ko batir ya yi sanyi, ko kyanwa ta gitta.

A ganina, tarar ba ita ce hukunci mai zafi ba. Babban kamfani zai iya biyan fam ɗari uku ba tare da ya ji a jikinsa ba. Abin da ya fi ciwo shi ne a daina amsa kiranka. 'Yan sandan Ingila suna ba kowace ƙararrawar ɓarayi da ke da rajista lamba ta musamman, kuma idan ta yi kiran ƙarya sau uku cikin shekara guda, sai a janye mata amsar gaggawa har sai an gyara matsalar, an kuma ga ta yi watanni ba ta sake ba. Birnin Salt Lake City na Amurka ya ɗauki matakin da ya fi wannan tun 2000, inda 'yan sanda ba sa fita sai wani mai gadi ko shaida ya tabbatar da cewa an fasa gini. Hukumar kashe gobara ta Sikotland ta bi irin wannan hanya daga 1 ga Yulin 2023: ofisoshi da shaguna da masana'antu sai sun tabbatar da wuta ko alamarta kafin a turo mota, amma an ware wuraren da mutane ke kwana, kamar asibitoci da otal-otal da gidajen kula da tsofaffi.

Inda nake da damuwa shi ne kada hukuncin ya zama na kan mai uwa da wabi. Kiran ƙarya iri uku ne, kuma hukumomin Birtaniya da kansu suna rarrabe su. Akwai na na'ura, akwai na mutumin da ya ji ƙauri ya kira da zuciya ɗaya, akwai kuma na wanda ya fasa gilashin ƙararrawa da gangan don wasa ko mugunta. Na ƙarshen nan laifi ne a ƙarƙashin dokar kashe gobara ta 2004, mai jawo tara ko ɗauri ko duka biyun, kuma ban ga mai tausaya masa ba. Na tsakiyan kuwa bai kamata ya ji ko kalmar tara ba, domin ranar da mutane suka fara lissafin kuɗi kafin su ɗaga waya, ranar ce ƙaramar wuta za ta samu mintunan da take buƙata. Haka nan manajan ginin da ya gaji da biyan tara yana iya rufe na'urar da leda ko ya kashe ta gaba ɗaya, maimakon ya kira mai gyara ya matsar da ita daga ƙofar kicin, ko ya sa mai gano zafi a madadin mai gano hayaƙi a wurin da ake girki.